Dosiye a Aljihun Tebur

Duk fadar da ka zauna a Yamai, daga Harobanda har Talladje, in dai aka ji an kama wani babba kan maganar kuɗi, kafin shayin farko ya tafasa mutane sun rabu gida biyu. Wasu su ce ɓarawo ne, Allah ya ƙara. Wasu su ce sharri ne, don an ga zaɓe ya matso. A yi ta musu har a sha shayi na uku, kowa ya tashi da abin da ya zo da shi. Ni dai na gaji da wannan musu, shi ya sa na koma na jera ranaku a takarda: yaushe aka ce an ci kuɗin, yaushe aka tono maganar, yaushe aka kama mutum, yaushe aka sake shi. Abin da na gani shi ne nake so mu duba tare, ƴan uwa ɗalibai, don da yawanmu muna goye a baya ko muna firamare lokacin da aka yi waɗannan abubuwa.

Tun farko a san cewa abin ya girme mu. Ranar 15 ga Afrilu 1974 da Seini Kunce ya kifar da Jori Hamani, babban dalilin da sojoji suka bayar shi ne yunwa: ana mutuwa a karkara, manyan jam'iyyar PPN-RDA kuwa ana zarginsu da karkatar da hatsin taimako. Yunwar gaskiya ce, kukan talakawa ma gaskiya ne. Sai dai juyin mulkin ya faɗo daidai lokacin da Jori ke cinikin ƙarin farashin yuraniyom da Faransa, har yau kuma masana tarihi na ta ja-in-ja kan ko haɗuwar lokaci ce kawai. Jori ya yi shekara shida a tsare ba a kai shi gaban alƙali ba. Wato tun ranar farko, tuhumar cin dukiyar ƙasa ta zo mana tare da tambayar "me ya sa yanzu?", kuma ba a yi shari'ar da za ta raba gardama ba. Bayan taron ƙasa na 1991, da kwamitinsa na binciken laifuka da cin zarafi, an yi zaton an rufe wannan babi. Ina! Shekarun da suka biyo baya ne ma suka cusa kalmar "wasoso" cikin siyasarmu.

Amma in ana son ganin yadda abin ke aiki ƙarƙashin mulkin farar hula, babu kamar rayuwar marigayi Hama Amadu. Ban ɗauko shi don ina ɗan Lumana ba, ban kuma ɗauko shi don in ci mutuncin mamaci ba. Na ɗauko shi don shi ne mutumin da dosiye ya bi shi sau biyu, a hannun shugabanni biyu da ba sa ga maciji da juna, kuma duk sau biyun bayan ya zama barazana ga mai kujera.

Mu fara da abin da ya shafe mu kai tsaye, maganar MEBA, ma'aikatar ilimin firamare da yaƙi da jahilci. A 2006 wani binciken kuɗi ya nuna an yi aringizo da kwangiloli na son rai a cikin kuɗin da ƙasashe masu ba da tallafi suka zuba don shirin shekara goma na raya ilimi. Sama da miliyar ɗaya na sefa ake magana. Ku tuna wane irin kuɗi ne wannan: na littattafai, na tebura, na kayan aji, a ƙasar da yara ke karatu cikin rumfar zana, damina ta zo a tashi makaranta. Masu tallafi suka dakatar da kuɗinsu. Ministoci biyu da suka riƙe ma'aikatar, Ari Ibrahim da Haruna Hamani, aka sallame su daga gwamnati, a watan Oktoba 2006 kuma majalisa ta ba da su ga shari'a aka rufe su. Zuwa nan, babu mai cewa sharri. Takardu ne suka yi magana.

Sai maganar ta juya. Ƴan adawa, ƙarƙashin Mahamadu Isufu na PNDS, suka ce binciken ya tsaya a ƙofar faraminista, suka shigar da ƙuri'ar yanke ƙauna. Ranar 31 ga Mayu 2007 gwamnatin Hama ta faɗi da ƙuri'a 62 cikin 113. To a nan fa sai a yi lissafin ɗan CM2. Adawa kujeru 25 gare ta. Masu rinjaye, MNSD da ƙawayenta, 88. Daga ina sauran 37 suka fito? Daga cikin gida mana. Ƙuri'a ce ta asiri, kowa ya jefa abinsa ya fito yana murmushi. Hama ya sha tsallake irin wannan ƙuri'a a baya da waɗannan ƴan majalisa ɗin dai. Abin da ya canza a 2007 shi ne kalanda: wa'adin Tanja Mamadu na biyu, na ƙarshe a tsarin mulki, zai ƙare a Disamba 2009, kuma Hama, shugaban MNSD, shi ne kowa ke gani a matsayin magaji.

Shekara ɗaya bayan nan aka fito da wani dosiye, kuma abin mamaki, ba na MEBA ba ne. Maganar miliyan 100 ce ta tallafin kafofin watsa labarai, kuɗin da aka kashe tun farkon shekarun 2000, lokacin Hama na faraminista, Tanja na shugaban ƙasa. Ranar 23 ga Yuni 2008 majalisa ta amince a tuhume shi, ranar 26 aka kai shi gidan kason Kutukale, inda ake ajiye manyan masu laifi. Hama ya ce kuɗin an kashe su da sanin shugaban ƙasa, ya ce manufar ita ce a hana shi takarar 2009. Ni ban ga rasit ɗin ba, ku ma ba ku gani ba. Abin da muka gani shi ne abin da ya faru yana cikin kaso: a Disamba 2008 aka yi gangamin Tazarce a Yamai, a Fabrairu 2009 aka yi taron jam'iyya a Damagaram aka ɗora Seini Umaru a kan MNSD. Da aka gama karɓe jam'iyyar, a Afrilu 2009, sai aka yi masa sakin talala don rashin lafiya. Wata goma a tsare, ba a yanke hukunci ba.

Daga nan Tanja ya rusa majalisa ranar 26 ga Mayu 2009, ya rusa kotun tsarin mulki, ya yi ƙuri'ar raba gardama ranar 4 ga Agusta don ƙarin shekara uku. A watan Satumba kuma sai ga "tsabtace hannu" ta tashi da ƙarfi: aka bi tsofaffin ƴan majalisar da aka rusa, aka tsare gommai daga cikinsu kan kuɗin alawus da kwangiloli, aka tuhumi Isufu shi ma, daga baya har da sammacin ƙasa da ƙasa a kansa da kan Hama. Tsakani da Allah, waɗannan ƴan majalisa ba waliyyai ba ne. A 2008 ƙungiyoyin farar hula sun fito titi kan alawus ɗin da suka yanka wa kansu, talaka kuma bai yi musu kuka ba da aka kama su. Amma alawus ɗin nan an san da shi tun suna ɗaga wa gwamnati hannu. Sai da suka ƙi Tazarce aka tuna akwai doka.

Sojoji suka zo ranar 18 ga Fabrairu 2010, Salu Jibo ya kafa nasa kwamitin yaƙi da almundahana, sai ƙaya ta koma kan mashekiya. A Yuli 2010 aka kama Seini Umaru kan zargin miliyan 270, wata kaɗan kafin zaɓen da zai tsaya wa MNSD takara. Magoya bayansa suka ce me? Sharri ne, don zaɓe. Kalmomin da mutanen Hama suka faɗa shekara biyu kafin nan, su ɗin dai, ba a canza ko wasali ba. Aka sake shi, ya yi takara, ya kai zagaye na biyu.

Shi kuwa Hama, a 2011 ya zo na uku, ya mara wa Isufu baya a zagaye na biyu, ya zama shugaban majalisar dokoki. Shekara biyu da rabi ana tare, babu dosiyen da ya hana shi barci. A Agusta 2013 aka ɓata kan gwamnatin haɗin kan ƙasa, Lumana ta koma adawa. A 2014 maganar jarirai ta fashe.

Wannan ita ce mafi nauyi, kuma ita ce muke yawan yi wa riƙon sakainar kashi a fada. Zargin shi ne wasu manyan gidaje a Yamai sun samo jarirai daga gidajen haihuwa na ɓoye a kudancin Najeriya, aka bi da su ta Benin, aka yi musu takardun haihuwa a matsayin ƴaƴan cikinsu. Wajen mutum talatin aka tuhuma: ƴan siyasa, ƴan kasuwa, ma'aikatan banki, da matansu. A watan Yuni aka fara kame, har da ɗaya daga cikin matan Hama. Ƙarshen Agusta 2014, da ofishin majalisa ya ba da izinin a kama shi, sai ya tsallaka Burkina Faso, daga can Faransa. Ya dawo ranar 14 ga Nuwamba 2015, daga filin jirgi aka wuce da shi kason Filinge. Daga cikin kaso ya yi takarar 21 ga Fabrairu 2016, ya samu kusan kashi 18 cikin 100, Isufu ya samu 48 da ɗoriya. Kwana huɗu kafin zagaye na biyu aka ɗauke shi a jirgi zuwa asibiti a Faransa, adawa ta ƙaurace, Isufu ya lashe da sama da kashi 92. Ranar 13 ga Maris 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke masa shekara ɗaya, ba ya nan. Wannan shekara ɗaya ita ce ta yi aiki: a Nuwamba 2020 kotun tsarin mulki ta soke takararsa saboda ita, duk da cewa ya dawo a 2019 ya shiga kaso da ƙafarsa, aka kuma yi masa afuwa a Maris 2020 lokacin korona.

Wani abokina ɗan sashen shari'a yakan ce, to ai Abdu Labo ma an kama shi a wannan magana, kuma ministan noma ne mai ci, na gefen gwamnati. Gaskiyarsa. Wannan ya isa ya nuna cewa ba a ƙirƙiri dosiyen daga iska don mutum ɗaya ba. Gidajen sayar da jarirai a Najeriya ma ba tatsuniya ba ce, ƴan sandan can sun sha kai musu samame suna fito da ƴan mata masu ciki. Amma in an yarda da wannan, sai a yarda da ɗayan: ɗan takarar da ya kai zagaye na biyu ya yi yaƙin neman zaɓe daga bayan ƙarfe, kan tuhumar da aka ɗauki kusan shekara uku kafin a yanke. Duka biyun gaskiya ne a lokaci guda, kuma nan ne kawunanmu ke ƙin ɗauka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yaran. Shekara goma ana ambaton "jarirai" a gidajen rediyo kamar sunan wata jam'iyya. Su wane ne iyayensu mata na asali, ta yaya aka raba su da su, wa ya karɓi kuɗi a hanya, ina yaran suka ƙare? Sau nawa ka ji an tsaya kan wannan a fada? Yanzu sun zama samari da ƴan mata, wasunsu ƙila suna karanta labarin kansu a Facebook.

Yanzu mu juya tabarmar, mu ga dosiyen da ya taɓa na ciki.

A Fabrairu 2017, wata guda kafin hukuncin Hama, jaridar Le Courrier ta buga takardar tura kuɗi ta 2011: kusan dala miliyan 320, wajen miliyar 200 na sefa, daga wani asusun kamfanin SOPAMIN a birnin Paris zuwa Dubai, cikin wani cinikin yuraniyom mai sarƙaƙiya da ya haɗa da Areva. Sa hannun Hasumi Masa'udu ne a kai, daraktan fadar shugaban ƙasa a lokacin, ministan kuɗi a 2017. Ya ce kuɗin ba na Nijar ba ne, an ari sunan SOPAMIN ne kawai, ƙasa ma ta samu ɗan kamasho aka sayi motocin masu tsaron fada. Majalisa ta kafa kwamitin bincike, cikin ƴan makonni ya wanke gwamnati, ƴan adawa suka yi fatali da rahoton. Ban ce an ci kuɗin ba. Ina cewa ku kwatanta: miliyan 100 ta kai tsohon faraminista Kutukale wata goma, miliyar 200 kuwa, ninki dubu biyu ke nan, ba ta kai kowa gaban alƙali a Yamai ba.

Sai na ma'aikatar tsaro. Ranar 10 ga Disamba 2019 aka kashe sojojinmu 71 a Inates, ranar 9 ga Janairu 2020 aka kashe 89 a Shinagodar. Ana cikin wannan makoki, a Fabrairu, aka ji sakamakon binciken da aka yi a ma'aikatar zamanin minista Isufu Katambe: aringizon farashi, kayan yaƙin da aka biya ba a kawo ba, rahoton wucin gadi na maganar miliyar 76. Martanin farko na gwamnati shi ne ƴan kwangila su maido ko su kawo kayan. Ƙungiyoyin farar hula suka kira zanga-zanga ranar 15 ga Maris. Kwana biyu kafin ranar aka hana manyan taruka saboda korona, alhali sai 19 ga Maris aka tabbatar da mutum na farko mai cutar a ƙasar. Ga wata haɗuwar lokaci kuma. An fito duk da haka, aka harba hayaƙi mai sa hawaye, kasuwar Tagabati ta kama wuta, aƙalla mutum uku suka mutu. Aka kama Musa Cangari da wasu, uku daga cikinsu, Maikul Zodi da Mudi Musa da Halidu Munkaila, sai ƙarshen Satumba suka fito. Adadin kuɗin kuwa ya yi ta raguwa daga rahoto zuwa rahoto. Masu kukan a yi shari'a su suka fara kwana a kaso.

Kuma ku lura, a nan ma an yi waƙar "me ya sa yanzu?", sai dai daga bakin masu mulki: wai ana kambama maganar ne don zaɓen Disamba 2020. Ka ga ashe tambayar ba ta da jam'iyya. Duk wanda aka taɓa, ita yake ɗauka ya kare fuska. Haka Khalifa Sall, magajin garin Dakar, ya faɗa da aka kama shi a 2017 kan asusun ma'aikatarsa aka hana shi takarar 2019. Haka François Fillon ya faɗa a Faransa a 2017 da jarida ta tono albashin matarsa wata uku kafin zaɓe. Bambancin shi ne Fillon ya yi kamfe ɗinsa a waje, jama'a suka kayar da shi, kotu ta same shi da laifi a 2020, da hujjoji a bainar jama'a.

Me ke ba mai mulki wannan dama a wurinmu? Ba tsafi ba ne, tsari ne. Mai shigar da ƙara yana ƙarƙashin ministan shari'a, minista kuma na shugaban ƙasa ne, don haka buɗe dosiye da jinkirta shi duk suna da ubangida. Kafin juyin mulkin 2023, ɗan majalisa ko minista ba a taɓa shi sai majalisa ta cire masa rigar kariya, majalisa kuwa ta mai rinjaye ce: in kana ciki rigar ƙarfe ce, in ka fita ta zama ta leda. Zamanin Tanja, kotun musamman mai shari'ar ministoci ƴan majalisa ne alƙalanta, wato abokan siyasa ko abokan gaba. HALCIA da aka kafa a 2011 a jikin fadar shugaban ƙasa aka rataye ta. Ga kuma tsarewa kafin shari'a, wadda ita kanta hukunci ce: a rufe ka wata goma, a karɓe jam'iyyarka, a sake ka "na wucin gadi", dosiyen ya koma aljihun tebur bai mutu ba bai yi rai ba. Wanda aka saka da talala ya san igiyar na hannun wani. Shi ya sa za ka ga ɗan adawa mai zafin baki ya wayi gari ya "gano" alherin gwamnati, ka rasa dalili.

A yi adalci, akwai lokacin da bulala ta sauka kusa da gida. A Afrilu 2022, zamanin Bazum, an tsare ministan sadarwa mai ci, Mahamadu Zada, kan zargin miliyar uku na SOPAMIN. Jama'a sun yaba, amma nan take aka fara raɗa cewa ai ba ɗan PNDS ba ne, ɗan jam'iyyar ƙawance ne. Wannan raɗar ita ce asarar da aka jawo mana: ko an yi abin kirki, ba mai yarda. Bayan 26 ga Yuli 2023 an kafa COLDEFF, sabon suna a layin da ya faro tun kwamitocin binciken Kunce, aka bi ta na taron ƙasa, da na Salu Jibo, da HALCIA, da "Mai Bulala" na 2016. Kowanne da zuwansa sai ya fara da mutanen wanda ya sauka.

Ni abin da na koya wa kaina, in aka ce an kama wane, ba na fara tambayar jam'iyyarsa. Ina tambayar shekarar da aka ce ya ci kuɗin, da shekarar da masu bincike suka rubuta rahoto, sannan wa ya zauna kan rahoton tsakanin nan da ranar kamu. In tazarar shekara bakwai ce, to akwai mai laifi na biyu da ba a ambata ba, wanda ya gani ya yi shiru don yana da amfani da shirun. Wanda ake tuhuma ya amsa tasa, mai aljihun tebur ma ya amsa tasa. In muka ce "sharri ne" muka tashi, mun yafe kuɗin tebura da littattafan MEBA ke nan ba da sanin masu su ba. In muka ce "Allah ya ƙara" muka tashi, mun sa hannu a yi wa na gaba, ko da shugaban USN ne.

Hama Amadu ya sake shiga Filinge a Maris 2021 bayan tarzomar zaɓe, aka bar shi ya tafi jinya Faransa, ya dawo gida bayan juyin mulkin 2023. Ya rasu a Yamai ranar 23 ga Oktoba 2024, aka yi masa jana'iza ta girmamawa, aka kai shi garinsu Yuri. Cikin waɗanda suka yi ta'aziyya har da mutanen da suka jefa ƙuri'ar 2007, da waɗanda suka ɗaga hannu a 2008, da waɗanda suka ba da izinin kama shi a 2014. Yaran da ke CI a rumfunan zana lokacin da aka tono maganar MEBA kuwa, waɗanda suka samu suka tsallake, su ne suka riga mu zama kan bencinan amfi ɗin nan, wasunsu yanzu suna koyarwa da kwantaragi a ƙauye, cikin rumfar zana.